Ruwan Zafin Mama Wangechi

A Kinangop sanyi ba ya sallama. Tun kafin gari ya waye yake gangarowa daga kan duwatsu, ya ratsa gonakin dankali da na kabeji, ya bar ciyawa fara fat, sannan ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya je ya nemi mutum har cikin ƙashinsa. Shi ya sa duk gidan da ya ɗan samu sarari yake gina boila a bayan ɗaki: duron ƙarfe a kwance cikin ginin jan bulo, murhun itace a ƙarƙashinsa, bututu ɗaya yana kawo ruwa daga tanki, ɗaya yana kai mai zafin banɗaki, sai wani siriri a tsaye da ke tofar da tururi idan wuta ta yi yawa. In boilar gida ta fara rikici kuwa, daga Njabini har Ndunyu Njeru suna ɗaya ake ambata, a ce a kira Githaiga.

Githaiga yana ƙarami aka raba wa mutane gonakin da Turawa suka bari, mahaifinsa ya samu tasa a gindin dutse, inda rana ke makarar fitowa. Bai gaji son noma ba. Yana da shekara goma sha tara ya shiga masana'antar madara a matsayin mai jidar itace, ya bar ta yana da hamsin da biyar, shi ne mai kula da babbar tukunyar tururi, wadda rurinta ke cika ɗaki har sai mutum ya sa baki a kunnen ɗan'uwansa kafin su fahimci juna. A can ne wani tsohon Ba'indiye mai rawani ya miƙa masa 'yar guduma ya ce ya ƙwanƙwasa ƙarfe ya saurara. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da doguwar murya, kamar ƙararrawar coci daga tsallaken kwari. Wanda tsatsa ta cinye ta ciki kuwa sai ya ce ɗaf, ya yi shiru.

Da ya ajiye aiki, gudumar ta biyo shi gida a aljihun kwat. Mutane su zo su ɗauke shi a babur, ya zaga duro yana ƙwanƙwasawa, kansa a karkace kamar kaza mai kallon shaho, sannan ya yanke hukunci. Ba ya karɓar komai sai shayi, shi ma in an zuba madara da hannu sake. Faɗa kuwa kyauta yake yi. Ya zagi wanda ya bar toka ta jiƙe ta kwana a jikin ƙarfe. Ya zagi wanda wata ya wuce bai buɗe ƙasan duro ya zubar da laka ba. Wani malamin makaranta da ya toshe bututun tururi da totuwar masara don yana ɗiga masa a kan wanki, Githaiga ya tambaye shi ko ya riga ya zaɓi waƙar da za a rera a jana'izarsa. Ƙa'idarsa guda ce, yara ma sun haddace ta. Duro fuska biyu gare shi. Wuta ta ci cikinsa, a fasa gini a juya masa baya. Ta ci bayan, a tsaga shi gida biyu a ba shanu kwamin ruwa, a nemo sabo.

Nasa duron daga masana'anta ya fito da shi, irin na da mai kauri, wanda ƙarti biyu suka ɗora a amalanken jaki suna nishi. Ya gina shi shekarar da 'yarsa Wangechi ta shiga firamare, ya juya shi shekarar da ta gama sakandare. Yanzu 'ya'yan Wangechi ne a sakandare.

Matarsa Gathigia, wadda kowa ke kira Mama Wangechi, ita ce boilar ta zame wa magani. Sanyin ƙashi ya daɗe da kama ta. Da safe yatsunta a dunƙule suke tashi, kamar ta kwana tana riƙe da abin da ba ta so a ƙwace mata, gwiwoyinta kuma ba sa yarda da ita. Sai ta zauna cikin bahon ruwan zafi har ƙugu, ta nutsar da hannuwanta, famfo yana ƙara mata sabo, kafin jikin ya sake ta ta fita ta tatsi saniya ta feraye dankali kamar kowa. Ruwan tukunya a kan murhun kicin ba ya yin wannan aikin. Kafin ta biyu ta tafasa, ta farko ta huce.

Alamu sun daɗe suna zuwa. Ruwa ya fara fitowa launin shayin da ba madara, Githaiga ya ce tsatsar bututu ce. Itacen da a da ke isa kwana biyu ya koma na safiya ɗaya, ya ce itacen yanzu ba shi da zuciya. Wuta ta fara yin tsaki ita kaɗai, kamar ana tofa mata yawu daga sama, ya cusa siminti a inda ya ga danshi ya ce raɓa ce. Da a gidan wani ya ga waɗannan, da bai ma zauna shan shayi ba.

Wata Talata a tsakiyar Yuli ya durƙusa gaban murhu yana hura wuta, tana kamawa tana mutuwa. Toka ta zama kunu. Mama Wangechi tana zaune a kan kujera bakin ƙofar kicin, lulluɓe da bargo, hannuwanta a cinya.

"Baba Wangechi."

Ya ci gaba da hurawa.

"Baba Wangechi."

"Ai ina ji."

"Ba ka ji. Na uku ke nan. Wutar ce ta ƙi, ko kai ne ka manta yadda ake hura ta?"

"Itacen ne ɗanye."

"Itacen da ya shekara a rumfa. To, Allah ya ba shi lafiya." Ta ɗaga hannuwanta ta nuna masa. "Dubi nan. Jiya maƙwabciyarmu Mama Kirubi ce ta tatsar mini saniya, ta kuma tafi da labari. Wangechi za ta zo ran Asabar da motar mijinta. Shekara biyu tana cewa in koma Nakuru wajenta, ina cewa wa zan bar wa tsohon nan. In Asabar ta yi famfon nan bai ba ni ruwan zafi ba, zan bi ta. Kuma ba kwana biyu zan je yi ba."

"Ki je ki tsaya ƙarƙashin wannan abin wankan nasu mai wayar lantarki a saman kai? Ranar da ya ja ki fa?"

"In ya ja ni ma, ai da ɗumi zan tafi."

Ya koma hura wutarsa. Ya san matarsa. Shekara arba'in da huɗu ba ta taɓa faɗin abu sau biyu ba, ban da sunansa.

Da rana ya taka zuwa kasuwa wajen Mutiso mai walda, mutumin Machakos da ya zo aikin wata uku shekara ashirin da suka wuce, har yau yana zagin sanyin garin cikin kwat biyu. Githaiga ya bayyana masa abin da yake so. Za a fito da duron, a kwantar da shi a kan haƙarƙarinsa, gefen da wuta ba ta taɓa lasa ba, a toshe tsoffin kafofi a huda sababbi.

Mutiso ya ɗage baƙin gilashinsa ya dube shi. Mzee yake kiransa, wato dattijo. "Mzee, fuska ta uku? Yaushe duro ya haifo wata? Surukina har yau bai yafe maka ba, shanunsa na shan ruwa a cikin boilarsa."

"Na surukinka gwangwanin madara ne. Nawa ƙarfe ne."

"Ƙarfen ya girme ni a garin nan. Ga sababbi can a jingine, yau in ka ce, gobe Mama ta yi wanka."

"Waɗancan? Da babban yatsa zan lotsa su. Shekara biyar su zama rariya."

"Shekara biyar na wanka ba kaɗan ba ne, Mzee."

"Za ka zo ko in nemi mai walda?"

Ran Alhamis Mutiso ya zo da injinsa ɗaure a bayan babur. Suka fasa bulo ɗaya bayan ɗaya, Githaiga yana jera su a gefe don a sake amfani da su, suka kwance bututu, suka mirgino duron kan ciyawa. Baƙi ƙirin yake, ɓawon tsatsa yana zuba daga jikinsa kamar na itacen da gara ta gama da shi. Duk da haka Githaiga ya ɗora hannu a kansa yana shafawa. A ruwan duron nan aka wanke jikokinsa uku. A ruwansa aka wanke mahaifiyarsa ranar da ta cika.

"To, bismillar aiki taka ce," in ji Mutiso. "Fito da gudumar, mu ji abin da zai ce."

Githaiga ya fito da ita. Ya ƙwanƙwasa gefen dama, ya karkata kai. Ya ga gudumar ta sauka, ya ji ta a wuyan hannunsa, amma abin da ya iso kunnensa wani ɗan ƙus ne daga nesa, kamar ana sara itace a wata unguwa. Ya matsa ya buga cikin duron, inda ya san tabbas wuta ta cinye. Ƙus ɗin dai shi ne. Ya buga bakin, inda ƙarfe ya fi kauri. Babu bambanci. A ƙarƙashinsu duka akwai wani siririn kuka da ya daɗe yana ji dare da rana, wanda ya ɗauka na gyare ne.

Ya tsaya da gudumar a hannu. Sai ya tuna bara, da ya ce wa wata gwauruwa a Njabini duronta lafiya lau, wata biyu ya fashe. Ya ce mata ruwan rijiyarta ne mai gishiri. Ya tuna wani kuma kafin wannan.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce.

Mutiso bai yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ya karɓi gudumar a hankali ya buga wurin da kansa. "Mzee, wannan kamar kwali yake amsawa."

"Kunnenka ya saba da gwangwani."

"To."

"Ka huda inda na nuna maka."

Mutiso ya ja wayarsa zuwa soket ɗin kicin, ya sauke gilashi. Wurin sabuwar kafa ya hudu cikin sauƙin da bai yi wa kowa daɗi ba. Da ya zo liƙa bututu, wutar walda ta taɓa ƙarfen sai ya narke ya buɗe baki. Ya yanko faci ya ɗora, gefen facin ya ɓule. Ya ɗora wani a kan wancan. Haka suka wuni, rami yana gudu suna bin sa, har duron ya koma kamar wandon makaniki. Ran Juma'a suka cika shi da ruwa don gwaji, ya tsaya minti kaɗan kamar zai yi musu kara, sannan ya fara zufa ta wuri bakwai.

"A ƙara faci," in ji Githaiga.

"A kan me zan ɗora shi? Iska ba ta kama walda." Mutiso ya naɗe wayarsa. "Ka ce in kawo sabo yanzu, mu gina kafin duhu. Siminti ba zai bushe ba, amma Mama za ta ga an kama hanya."

Mama Wangechi tana bakin ƙofar kicin tana jin su. Githaiga ya san tana ji. Kalma ɗaya ake nema a bakinsa, ya ji ta ta taso har maƙogwaro, ta tarar da Mutiso a tsaye yana kallonsa da tausayi, ta koma.

"Zan yi tunani," ya ce.

Ran Asabar Wangechi ta zo da hantsi. Ta dubi tarin bulo da baƙin duro a kan ciyawa, ta dubi uwarta, ba ta tambayi kowa komai ba. Ita ta haɗa jakar, don yatsun uwar ba sa kama zif. Mama Wangechi ta tsaya a jikin mota ta lissafa masa abubuwa: saniya ba ta son a taɓa ta da hannu mai sanyi, maganin hawan jininsa yana cikin gwangwanin shayi, wake yana buƙatar jiƙo tun dare.

"Baba, ka zo mu tafi tare mana," in ji Wangechi.

"In bar wa wa gidan?"

"Bar shi," in ji uwar. "Yana da baƙo a kan ciyawa, ba zai bar shi shi kaɗai ba."

Motar ta bi ta tsakanin itatuwan shinge tana tangaɗi a cikin laka, har ta ɓace.

Kwana tara duron yana kwance inda yake. Githaiga ya tatsi saniya da hannu mai sanyi ta harbe bokitin. Ya dafa masara da wake ba jiƙo, ya ci su da ƙarfinsu. Ya riƙa wanke fuska da wuya kawai, ya bar sauran wa Allah. Gidan ya yi masa faɗi, ga shi ko shirun ma ba ya samu, sai kukan gyaren nan. Sau biyu aka zo da babur ɗaukarsa duba boila, ya ce a je wajen Mutiso, shi ƙafa ke damunsa. Da yamma ya kan kira Nakuru, ya manna wayar a kunne har ta yi masa shaida.

"Yaya hannun?"

"Yana buɗewa. Yau har na murza wa yara gurasar cafati."

"Abin bai ja ki ba?"

"Tukuna. Kai fa, ka yi wanka?"

"Me kika ce?"

"Na ce ka ji ni sarai."

Abin da ya fi ci masa rai shi ne muryarta ta yi haske. Ya so a ce ta yi ƙorafin zafin Nakuru, ko hayaniya, ko mijin Wangechi. Ba ta yi ba.

A rana ta goma ya sa gatari ya tsaga duron, don ya gani da idonsa. Ciki cike yake da wani farin dutse kamar kanwa, kaurin tafin hannu, wanda ya daskare shekara da shekaru daga ruwan rijiya. Shi ne ya riƙa shanye zafin itacen, shi ne kuma ya riƙe ruwan, don ƙarfen da ke bayansa bai fi ganyen albasa ba. Ko kwamin shanu ba zai yi ba. Ya daɗe a tsaye a kansa. Sannan ya sa kwat ya nufi kasuwa.

Mutiso yana da guda biyar a jingine, duk shuɗaye, duk marasa nauyi. Githaiga ya ɗaga wannan ya ajiye, ya danna wancan da yatsa yana tsaki. Daga ƙarshe ya ciro gudumar ya miƙa wa Mutiso, idonsa a kan titi.

"Buga."

Mutiso ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Me ka ji?"

"Na biyu da na huɗu sun fi doguwar murya. Na huɗun ya ɗan fi."

"Me aka zuba a cikinsa da?"

"Ruwan rake na abincin shanu."

"To shi. Kuma ka sa masa famfon zubar da laka babba, ba irin na surukinka ba. Bututun tururi ya wuce tanki da kamu biyu. In ka karkata shi zan sa ka kwance."

"Mzee ya warke," in ji Mutiso ga mai sayar da taya na kusa da shi.

Kwana biyu suka yi suna gini, kwana huɗu Githaiga ya hana a kusanci wurin da wuta sai siminti ya kama. Ya wanke duron sau uku da ruwan toka. Ranar da ya hura, itace biyar kacal ya sa, kafin ya gama shan shayi bututun ya fara tofi. Wannan ma ya ba shi haushi. Ƙarfen da ke ɗaukar zafi da wuri haka, da wuri zai tafi.

Ya kira Nakuru ya ce an gama. Ta ce to, akwai ganin likita ran Laraba, akwai kuma bikin cocin su Wangechi, za ta gani. Sai da aka ƙara sati biyu, yana hura wuta kowace safiya ko za a zo ba sanarwa, ruwa yana zafi yana hucewa ba wanda ya taɓa, sannan wata Asabar motar ta shigo.

Mama Wangechi ta fito ta yi ƙiba kaɗan. Ba ta shiga ɗaki ba, ta zaga baya ta dubi sabon ginin, ta wuce banɗaki, shi yana biye da ita da jaka. Ta murɗa famfo da gefen hannu. Ruwa ya yi tari sau biyu ya zubo, tururi ya tashi ya rufe ɗan madubin da ke bango. Ta sa hannu ta janye, ta surka, ta mayar, ta bar shi a ciki. Yana kallon yatsun suna saki ɗaya bayan ɗaya.

"Yana warin rake," ta ce.

"Zai daina."

"Kai ma kana wari, ba na rake ba."

Wangechi ta leƙo daga waje. "Mami, in sauke sauran kayan ko in bari?"

Mama Wangechi ba ta cire hannunta daga ruwan ba. "Ki kwana tukuna. Ruwan zafin rana kowa ya iya. Baba Wangechi, ajiye jakar nan bakin ƙofa, kada ka buɗe ta, sai na ga na gobe da safe."

Ya ajiye jakar inda ta ce. Ya fita rumfa ya duba itacen da ya rage, ya ga duk manyan gumagumai ne, ga yayyafi ya fara. Ya ɗauki gatari.